Wane katun zan nuna wa ɗalibaina a kan muhalli? Masu kallon anime ku taimaka

Malama_Binta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a firamare, kuma ni aka ɗora wa ƙungiyar kula da muhalli ta 'yan aji biyar da shida. Mun yi shara, mun dasa darbejiya a bakin katanga, mun yi waƙar hana zubar da leda a kwata har yaran sun ƙosa da ita. To yanzu shugaban makaranta ya yarda mu riƙa aron majigin ofis ranar Alhamis bayan tashi. Ina so in nuna musu katun da ya shafi daji, ruwa ko shara. Ƙanena ya ce in nemi na Japan, wai babu wanda ya kai su a wannan fanni, amma ni iyakar sanina da katun Tom da Jerry. Sharaɗina uku ne: kada a samu abin da iyaye za su zo su yi mini ca a kai, kada ya cika surutu don Turancin yaran bai nuna ba, kuma kada ya wuce awa biyu saboda man janareta. Me za ku ba ni shawara?

Gwanin_Zane:
Wa alaikumus salam Malama. Ƙanenki ya yi gaskiya. Fara da Nausicaä of the Valley of the Wind na Hayao Miyazaki, wanda ya fito a 1984. Labarin yana faruwa ne shekara dubu bayan wani yaƙi ya ƙone duniya. Wani daji mai fitar da ƙurar guba yana ta cinye ƙasa, ba ya shiguwa sai da takunkumi, ga wasu ƙwari manya-manya da ake kira Ohmu suna gadinsa. Manyan dauloli sun ƙudurta su banka masa wuta. Yarinyar labarin, Nausicaä, 'yar sarkin wani ɗan ƙaramin kwari, ita ce ta ɗebo irin tsirran dajin ta shuka su a ɓoye da ƙasa mai tsabta da ruwan rijiya mai zurfi, sai ta ga ba su fitar da guba. Ashe gubar a cikin ƙasa take, mutane ne suka zuba ta, dajin kuwa tsotse ta yake yi yana tace ta. Wannan wurin kaɗai ya ishi darasin mako guda. Tsawonsa bai cika awa biyu ba, saura 'yan mintuna.

SaniKano_04:
Naruto kawai.

Uwar_Biyu:
Sani don Allah ana maganar kirki. Wane muhalli ne a Naruto, ban da rusa duwatsu?

SaniKano_04:
Ai sunan garinsu ma ganye ne, Anti. 😂

Baffan_Yara:
Malama, kafin ki ɗauki shawarar samarin nan, ki zauna ki kalli duk abin da za ki nuna daga farko har ƙarshe ke kaɗai. Jikokina sun sa na kalli biyu daga cikin finafinan Miyazakin nan. Zane kam ba a magana. Amma addininsu na gargajiya, Shinto, ya cika su: kogi yana da abin bauta, bishiya tana da abin bauta, daji yana da ubangijinsa. Akwai inda uba ya kai 'ya'yansa gaban wata ƙatuwar bishiya suka rusuna suna mata godiya. Yaro ɗan shekara goma da ake koya wa tauhidi da safe, da yamma ki nuna masa wannan, ki shirya amsa tambaya.

Gwanin_Zane:
Baffa, Allah ya ƙara girma, wanda ka kwatanta My Neighbor Totoro ne na 1988. A Nausicaä babu wannan, ƙwari ne da guba da jiragen yaƙi. Akwai dai wata tsohuwa makauniya da ke faɗin wani tsohon hasashe, shi ke nan.

Maman_Ilham:
Ni kuwa Totoron zan ba da shawara, duk da maganar Baffa. Yarana tun suna 'yan shekara biyar suke kallonsa. Babu mugu a ciki, babu faɗa, babu harbi. Yara mata biyu ne, Satsuki da Mei, suka koma ƙauye da babansu don su kusanci asibitin da uwarsu ke jinya. Ga gonakin shinkafa, ga famfon tuƙa-tuƙa, ga tsohuwa maƙwabciya da ke ba su kokwamba da masara daga lambunta. Ba a taɓa cewa "ku kare muhalli" ko sau ɗaya, amma bayan sun kalla ƙaramar tawa ta tara ƙwallon mangwaro ta binne a gwangwani, kullum da safe sai ta je ta tsuguna ta duba. Bai kai awa ɗaya da rabi ba. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne wurin wanka, inda uban ya shiga kwarmin wanka tare da 'ya'yansa mata. A wurinsu ba komai ba ne, a wurinmu kuwa kin san zancen. Ki tsallake shi, bai taɓa labarin ba.

Uwar_Biyu:
Na goyi bayan Maman Ilham. Maganar rusuna wa bishiya kuma, ai mu ma an tashe mu da tatsuniyoyin aljanun tsamiya da na kuka, da dodon ruwa, bai hana mu salla ba. A gaya wa yaro cewa wannan al'adar wasu mutane ce. Ya fi ya je ya gani a wayar abokinsa ba mai yi masa bayani.

Baffan_Yara:
Tatsuniya daban, Hajiya. Ana farawa da "ga ta nan ga ta nanku", a rufe da "ƙurunƙus", yaro ya san ƙarya ce. Hoto mai motsi kuma zama yake a kai. Ban ce haramun ba ne, ni ba malami ba ne. Na ce ta shirya.

Yar_Gusau:
Bari in koma kan Nausicaä don akwai abin da Gwanin Zane bai faɗa ba, kuma shi ya sa fim ɗin ya tsaya mini a rai. Miyazaki da kansa ya danganta labarin da abin da ya faru a Minamata, wani garin masunta a kudancin Japan. Masana'antar sinadarai ta Chisso ta shafe shekaru tana zubar da ruwan datti mai guba a gaɓar teku. Kifi ya ci, mutane suka ci kifi. Kyanwoyin garin ne suka fara haukacewa suna faɗawa ruwa, daga baya mutane suka fara karkarwa, magana ta karye, aka riƙa haihuwar yara da naƙasa. A 1956 aka fara shigar da cutar a hukumance, amma sai 1968 gwamnati ta amince cewa daga masana'antar take. Shekara goma sha biyu. Mu 'yan Zamfara ba ma buƙatar a fassara mana wannan. A 2010 yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana daka dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta shiga ƙasa da abinci. Sai da aka kankare saman ƙasar tsakar gidaje aka kwashe aka zuba sabuwa. Da na ga yarinyar nan a fim tana cewa laifin ƙasa ne ba na tsiro ba, abin da na tuna ke nan.

Dr_Magani:
Yar Gusau, kin kawo magana mai nauyi. Gyara ɗaya don kada Malama ta haɗa wa yara su: na Zamfara gubar dalma ce, na Minamata kuwa zaiba ce. Illarsu ta yi kama ta wajen taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, amma ba abu ɗaya ba ne. Sai dai zaibar ma ba ta yi mana nisa ba, domin masu haƙar zinariya na gargajiya da ita suke kama zinariyar, sannan su ƙona ta, hayaƙin ya shiga hanci. Yarjejeniyar duniya ta rage amfani da zaiba da aka sa wa hannu a 2013 ma sunan garin Minamata aka ba ta.

Yar_Gusau:
Haka ne Likita, ban ce guba ɗaya ba ce, hali ne ɗaya. Talaka ne ke ci, kuma sai an yi gawa ake yarda.

Abu_Sadik:
Duk kun bar babba kuna kama ƙanana. Princess Mononoke, 1997. Wannan shi ne fim ɗin muhalli, saura 'yan rakiya ne.

Maman_Ilham:
Haba Abu Sadik! 'Yan firamare fa ta ce. Fim ɗin da kibiya ke fille kan mutum ta cire hannu? Ga aladen daji da wasu abubuwa kamar tsutsotsi suka lulluɓe shi tun a mintunan farko. Ni kaina sai da na kau da kai. Kuma ya haura awa biyu.

Abu_Sadik:
Na ji, ba na 'yan aji biyar ba ne. Amma ita Malamar ta kalla, zai canza yadda take koyar da darasin. Ga dalilina. Yawancin katun ɗin muhalli da aka yi mana muna yara, irin su Captain Planet, akwai wani mugu mai ƙaton ciki da ke zubar da guba don kawai yana jin daɗin mugunta. A doke shi, duniya ta gyaru. A Mononoke wadda ke sare dajin, Eboshi, shugabar garin maƙera ce. Ita ce ta fanso mata daga gidajen karuwai ta ba su aikin taka zugazugi, suka samu abinci da bakin magana. Ita ce ta ɗauki kutare da kowa ke gudu, ta wanke musu miki, ta ba su sana'ar ƙera bindiga. Amma narka tama yana cin gawayi, kuma sai an fasa dutse an wanke yashi a kogi kafin a samu tamar. Wato abincin waɗannan bayin Allah shi ne mutuwar dajin. To wa za ka tsine wa? Yaron labarin, Ashitaka, har fim ya ƙare bai zaɓi ɓangare ya ce ɗayan ya mutu ba.

Dan_Kasuwa_Dawanau:
Wannan magana ta Abu Sadik ta shige ni. Maƙwabcina gawayi yake sayarwa, buhu-buhu ake sauke masa daga kudu. Da shi yake ciyar da mutum goma sha. Matata ma da gawayin take girki tun da gas ya yi tsada. Idan Malama ta koya wa ɗansa cewa mai sare itace mugu ne, yaron ya koma gida ya kalli ubansa da wane ido?

Yar_Gusau:
Ban yarda da ku gaba ɗaya ba. Wannan "kowa yana da uzuri" shi ne abin da manya ke fakewa da shi. Eboshi ta ji tausayin kutare, na yarda, amma ita ce ta harbi aladen da ya zama bala'i ya je ya shafi ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kuma da ta tafi farautar kan ubangijin dajin, ba don kutare ta tafi ba, yarjejeniya ce da mutanen sarki. Mai sayar da gawayi a unguwa ba shi ne Eboshi ba. Shi ɗaya ne daga matan da ke taka zugazugi. Eboshi ita ce mai tireloli.

Abu_Sadik:
To ai kin ga abin da nake nufi. Mu manya ga shi muna musu a kan mace da aka zana da fensir. Wane katun ne na "mugu da nagari" zai sa a yi haka?

TsohonDalibi:
Ƙarin bayani ga masu sha'awa: dajin da ke fim ɗin ba ƙirƙira ba ce zalla. Masu zanen sun je tsibirin Yakushima da ke kudancin Japan, inda akwai itatuwan da suka haura shekara dubu, suka zano shi. Kuma fim ɗin ne ya fi kowane kawo kuɗi a tarihin sinimar Japan a lokacin, kafin Titanic ya zo ya ture shi. Wani abin kuma, Nausicaä ana lissafa shi cikin finafinan Studio Ghibli, kamfanin katun na su Miyazaki, amma ya riga kamfanin. Nasararsa ce ta sa aka kafa Ghibli a 1985. Malama, in za ki nema, ki kula kada ki faɗa kan wani tsohon kwafi mai suna Warriors of the Wind. Shi ne wanda Amurkawa suka yanke fiye da minti ashirin suka mai da shi fim ɗin faɗa, suka zubar da bayanin dajin. Tun daga nan Ghibli suka kafa dokar ba a yanke musu fim.

Uwar_Biyu:
To mu da muke shirin tsallake wurin wanka fa? Kada su ji. 😅

Dan_Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Ni zan fita daga Japan kaɗan, ku yi haƙuri. Akwai wani gajeren fim na minti 30 da wani mai zane a Kanada, Frédéric Back, ya yi a 1987, sunansa da Faransanci L'homme qui plantait des arbres, wato mutumin da ke dasa itatuwa. Akwai shi da Turanci. Ya ci kyautar Oscar. Makiyayi ne shi kaɗai a wani busasshen yanki na kudancin Faransa, kullum sai ya zaɓi iri masu kyau ya riƙa huda ƙasa da sandar ƙarfe yana binnewa, shekara da shekaru, har maɓuɓɓugan da suka ƙafe suka dawo, mutane suka koma ƙauyukan da suka watse. Babu tsiraici, babu tsafi, babu jini. Labarin ƙagagge ne, marubucin Jean Giono ya faɗa da bakinsa. Amma idan yara suka tambaya ko hakan na yiwuwa, ki ba su labarin Maradi. Daga shekarun 1980 manoma a can suka daina tumɓuke kututturan da ke tohowa a gona, sai su bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi su sassabe sauran. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa dabarar. Yau ana ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar ta wannan hanya. Ki zo tsakanin Matameye da Magaria ki ga gawo a cikin gonakin hatsi. A Burkina kuma akwai marigayi Yacouba Sawadogo da ramukansa na shuka masu tara ruwa da taki, waɗanda ake kira "zai". Shi da Rinaudo an ba su kyautar Right Livelihood a 2018.

Malama_Binta:
Kai, na gode ƙwarai. Dan Damagaram, wannan na minti 30 ya yi daidai da man da nake da shi. Amma labari ake bayarwa da baki daga farko har ƙarshe? Ina tsoron Turancin.

Dan_Damagaram:
E, murya ɗaya ce ke ba da labari. Ki rage sautin ki riƙa faɗa musu da Hausa da bakinki, kamar yadda masu fassarar finafinan Indiya ke yi. Zanen a hankali yake tafiya, za ki samu sarari.

Hajjo_Yola:
In dai matsalar harshe ce, akwai waɗanda babu magana a cikinsu sam. Flow, na ƙasar Latbiya, ya fito a 2024, ya ci Oscar a 2025. Kyanwa ce ruwa ya ci inda take zaune, ta faɗa wani jirgin ruwa tare da kare da wani tsuntsu dogo da wasu dabbobi biyu, dole su zauna tare. Ba mutum ko ɗaya a fim ɗin, dabbobin kuma ba sa magana, kukansu kawai suke yi. Sai WALL-E na Pixar, 2008, wanda kusan rabin awar farko babu zance, na'ura ce ita kaɗai tana dunƙule shara a duniyar da mutane suka cika da bola suka gudu. Ga ƙungiyar da ke yaƙi da leda, ban ga wanda ya fi shi dacewa ba.

Bana_Yerwa:
Flow yana da kyau, amma a duba su waye yaran. Na sa wa 'ya'yan yayata shi, ba su daɗe da komawa gida ba bayan ambaliyar Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Da ruwa ya fara hawa a fim ɗin, ƙaramin ya tashi ya fita, bai dawo ba. In akwai yaran da ruwa ya taɓa raba su da gida a ajinki, ki jinkirta shi.

Hajjo_Yola:
Allah sarki. Allah ya kiyaye gaba. Wannan gaskiya ne, Bana.

SaniKano_04:
To Weathering With You fa? Na Makoto Shinkai, 2019. Ruwan sama ne ba ya tsayawa a Tokyo. A ƙarshe yaron ya zaɓi budurwarsa ya bar garin ya nutse.

Gwanin_Zane:
Sani ka ɓata wa mutane ƙarshen fim, kuma ka kawo fim ɗin soyayyar samari har da bindiga a zancen 'yan firamare. Laifi biyu a layi uku.

Dan_Omdurman:
Salam daga 'yan uwanku na Sudan. Ina karanta ku ina murmushi, domin mu mun san Miyazaki tun ba mu san sunansa ba. Akwai wani katun mai kashi 26 da ya yi wa talabijin ɗin Japan a 1978, Future Boy Conan. An fassara shi da Larabci da sunan Adnan wa Lina, duk wanda ya tashi a ƙasashen Larabawa ya san waƙarsa. Bayan yaƙi ya nutsar da nahiyoyi, sai aka bar wani birnin masana'antu da ke neman mallakar makamashin rana don ya tayar da tsofaffin makamai, da wani tsibiri na manoma da masunta. Kowane kashi bai kai rabin awa ba, ya dace da zaman Alhamis ɗaya. In makarantarki tana da ɓangaren Islamiyya, Larabcin fassarar fasihi ne mai sauƙi, yara za su tsinci kalmomi.

Baffan_Yara:
To wannan ya fi kwanta mini. A samu Larabci a samu darasi.

Maman_Ilham:
Gargaɗi kafin wani ya kawo shi: Pom Poko na Isao Takahata, 1994. In kin bincika finafinan muhalli na Japan a intanet za ki gan shi a sama-sama, kuma gaskiya ta wajen saƙo babu kamarsa. Wasu dabbobi ne da ake kira tanuki, dangin kare, da ake rushe musu tsaunukan Tama a gefen Tokyo don gina sabuwar unguwa, abin da ya faru da gaske tun daga shekarun 1960. Suka yi ta dabara, suka yi zanga-zanga irin tasu, suka tsorata leburori, a ƙarshe dai gini ya ci su. Amma a tatsuniyar Japan mazan dabbobin nan da al'aurarsu suke siddabaru, kuma an zana abin ƙuru-ƙuru, ba wuri ɗaya ba da za a tsallake. Kada ki kusance shi da majigin makaranta.

Abu_Sadik:
Hahaha, wallahi Maman Ilham ta cece ki. Amma manya ku kalla. Shi ne kaɗai a cikinsu da ya yarda cewa wani lokaci ana yin iya ƙoƙari kuma a sha kaye. Duk wanda ya ga yadda gonakin gefen gari suka koma fulotai a shekara ashirin zai gane shi.

Gwanin_Zane:
Malama, wata dabara: ba dole sai fim cikakke ba. A Spirited Away na 2001 akwai wuri guda da za ki iya cirewa ki nuna shi kaɗai. Wani baƙo mai ɗoyi, jikinsa duk taɓo, ya shigo gidan wanka, kowa ya toshe hanci ya gudu. Yarinyar, Chihiro, ta lura da wani abu ya soke shi a gefe. Aka ɗaura igiya aka ja, sai ga keke, bayansa tarkace iri-iri suna ta fitowa tuli. Ashe kogi ne mutane suka cika da shara. Miyazaki ya ce ya taɓa shiga aikin yashe wani kogi a unguwarsu, suka ciro keke da gaske. Ki nuna musu wannan, ki tsayar, ki tambaye su: da kwatar bayan makarantarmu ce ta shigo, me za a ciro daga jikinta? Za ki sha jerin amsa.

Baffan_Yara:
Kogin da ya zama tsoho mai fuska ya yi godiya ya tashi sama. Mun dawo inda muka fara ke nan.

Uwar_Biyu:
Baffa ai ba za ka sauka ba. 😄

Baffan_Yara:
Ba zan sauka ba, 'yata. Amma na yarda da tambayar da ya ce a yi wa yaran. Tambayar ta fi fim ɗin.

Zainab_Agric:
Na zo a makare. Babu wanda ya ambaci Only Yesterday na Takahata, 1991. Ba na yara ba ne, ba don wani abin kunya mai yawa ba, sai don zai gundure su, kuma akwai zancen al'adar mata a makaranta. Amma akwai magana ɗaya a ciki da nake so malaman muhalli su ji. Wata ma'aikaciyar ofis daga Tokyo ta je ƙauye a Yamagata aikin gona, ta tsaya tana yaba kyan "halitta". Saurayin manomi ya nuna mata cewa duk abin da take gani, gonakin, ɗan kurmin, har hanyar da ruwan ke bi, manoma ne suka tsara su shekaru aru-aru. Yawancinmu muna koya wa yara cewa muhalli wani daji ne can da zaki da giwa, mutum kuma ɓarna kawai yake yi. Alhali gawon da Dan Damagaram ya ambata, da ɗorawa da kaɗanya da ke tsaye a gonakinmu, wani ne ya ga dama ya bar su.

Dan_Kasuwa_Dawanau:
A ina ake samun duk waɗannan ne? Kuma akwai fassarar Hausa?

TsohonDalibi:
Na Ghibli suna Netflix a Najeriya tun 2020, ana iya sauke su a waya in an samu intanet mai arha a kalla daga baya. WALL-E na Disney ne, ba a can yake ba. Fassarar Hausa kuwa ni ban taɓa cin karo da ita ba. Masu fassara sun fi son fim ɗin da jarumi zai daki mutum arba'in.

Gwanin_Zane:
Ai da za a samu masu murya su zauna su yi wa Totoro fassara mai kyau, da ya shiga kowane gida. Maganganun ciki ba su da yawa.

Malama_Binta:
Jama'a Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu haka ba. Ga abin da na tsara zuwa yanzu. Wannan Alhamis zan fara da mai dasa itatuwa, in fassara da bakina, in biyo da labarin Maradi. Mako na gaba farkon WALL-E. Nausicaä zan kalla ni kaɗai tukuna kamar yadda Baffa ya ce, in ya yi sai in raba shi zama biyu. Totoro kuwa har yanzu ina waswasi, zan kai wa shugaban makaranta da malamin Islamiyya su gani su yanke. Mononoke na ajiye wa kaina da hutu, don ina so in ga wannan Eboshi da ta raba Abu Sadik da Yar Gusau.

Yar_Gusau:
Ki kalla ki dawo ki faɗa mana gaskiya. Na san inda za ki tsaya.

Abu_Sadik:
Ni ma na sani.

Maman_Ilham:
Ni dai ina nan kan bakana, da Totoro ya kamata a fara. Yaro sai ya so abu kafin a ce masa ya kare shi, ku kuma kun fara da guba da bola.

Hajjo_Yola:
Malama, ki gwada sautin majigin tun ranar Laraba. Yawancinsu lasifikarsu ba ta kai bayan aji, ga ƙarar janareta. Ki ari ƙaramar sifika, kuma ki sa a rufe tagogi da zannuwa ko kwali, in ba haka ba da rana tsaka ba za su ga komai a bango ba.

SaniKano_04:
In an gama da yara, wa ya kalli Mushishi a nan? Ina kashi na huɗu, ban gane inda aka dosa ba.